Daga bakin murhu a Mil 12

Tun 1991 nake sayar da tuwo a bakin kasuwar Mil 12 a nan Legas. Direbobin da ke sauke albasa da tumatir daga Arewa, da yaran motarsu, da 'yan dako da dillalai, a rumfata suke karyawa, kuma babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a yi gardamar siyasa a kan bencina ba. Ni ina tuƙi, ina kwasa, ina ji. Da yake ba na cika sa baki, wasu na ɗauka ba ni da ra'ayi. Ina da shi, kuma ban saye shi da araha ba. 'Yar ƙanena da na riƙe tun tana cikin tsumma ce ta matsa mini, ta ce, "Gwaggo, ki faɗa ni in rubuta, kada ki tafi da shi." To ga shi ina faɗa.

An haife ni a farkon 1968 a wani ƙauye a ƙasar Dutsin-Ma, lokacin Baba yana bakin daga. Ya shiga soja ne a 1967 da yaƙin basasa ya ɓarke. Horon 'yan makonni aka ba su aka ɗora musu bindiga. Ya ce an faɗa musu abin ba zai daɗe ba, gwamnati ma da farko aikin 'yan sanda ta kira shi, sai ga shi ya ci wata talatin. Ya faɗa rundunar da Murtala ke jagoranta, wadda ta yi ta ƙoƙarin ƙetare kogin Neja daga Asaba zuwa Anacha a cikin jiragen ruwa a watan Oktoban shekarar. Yawancinsu 'yan tudu ne, ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin gari ba, balle su iya iyo.

Baba ba mai yawan ba da labari ba ne. Sai dai wani dare, in ciwon ƙafar ya hana shi barci, ya zauna a bakin tabarma ya yi ta magana kamar ba da mu yake ba. Ya ce abokinsa da suka tashi tare suna kiwon awaki ya nutse a gabansa, da takalmin soja da bindiga a wuya, yana kiran uwarsa. Ya ce akwai abin da idonsa ya gani a garuruwan can, daga nasu ɓangaren da ɗaya ɓangaren, wanda ba zai faɗa wa kowa ba sai ranar da aka tambaye shi a gaban Allah. Abin da ya fi tsaya masa a rai yara ne: ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafa kamar sillen kara. Har ya bar duniya, in yana cin abinci yaro ya tsaya yana kallonsa, ko ɗan waye, miƙa masa kwanon yake yi ya tashi. Da aka ajiye makamai a Janairun 1970, Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Baba ya kan ce shi ya san waɗanda aka ci, su ne matan da aka bari da marayu, a can da nan.

Bayan an sallame shi ya samu aikin gadi a Ikoyi, ya kama ɗaki a Obalende, ya aika aka kawo mu ni da Inna. A ɗakin nan aka haifi ƙanena. Akwai kalmar da Baba ya tsana a rediyo, wato "yaƙin neman zaɓe". Duk sanda mai labarai ya faɗe ta sai ya yi tsaki ya ce, "Wanda ya raɗa wa abin nan suna yaƙi bai taɓa jin warin yaƙi ba. Su ce roƙo, ai roƙon ƙuri'a suke yi." Ina yarinya ina ɗauka faɗan tsufa ne. Sai da na girma na ga yadda suna ke bin abu.

Shi nake tunawa duk sanda wani saurayi ya zauna a bencina, da waya a hannu, ya ce a raba ƙasar kowa ya huta, in yaƙi ne a yi. Shi na tuna a Agustan 2023, bayan sojoji sun kifar da Bazoum a Nijar, da aka fara maganar tura dakarun ECOWAS. Mai shayin da ke gefena mutumin Tawa ne, mai kawo mini ruwa ɗan Maraɗi ne, shekara da shekaru muna cin arzikin juna. Na ce wa masu gardamar, wa za a je a harba? Daga Jibiya zuwa Maraɗi ai zumunci ne da auratayya. Na gode Allah da abin bai kai ga haka ba.

Ina da shekara takwas, ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, aka harbe Murtala a cikin motarsa yana hanyar zuwa ofis a barikin Dodan, tafiyar ƙafa daga ɗakinmu. Inna ta tura mu ƙarƙashin gado. Da labari ya tabbata na ga Baba yana kuka, abin da ban taɓa gani ba, na kuma ga matan Yarabawa na gidanmu suna kuka tare da shi. Daga baya, da Jakande ya zama gwamna a 1979, ya cika Legas da azuzuwa, gini ne marar ƙawa amma karatu kyauta. A ɗayansu na yi 'yan shekarun bokon da na samu, kuma babu wanda ya tambayi Baba daga wace jiha ya fito kafin a rubuta sunana. Baba mutumin Malam Aminu Kano ne har cikin ɓargo, PRP yake so, amma in an ambaci Jakande sai ya ce wannan ya ci halaliyarsa. Na faɗi waɗannan biyun ne don kada a ce ban ga alheri a garin nan ba. Na gani, kuma na ci.

A 1985 aka yi mini aure da wani mai albasa ɗan Aliero, Allah ya jiƙansa, muka tare a wajen Ketu kusa da kasuwa. Ranar Lahadi 22 ga Afrilun 1990, muna cikin goman ƙarshe na azumi, da sassafe Malam ya kunna rediyo muka ji wani hafsan soja yana cewa sun karɓi mulki, kuma an cire jihohi biyar daga Najeriya: Sakkwato, Borno, Katsina, Kano da Bauchi, 'yan asalin jihohin su koma gida. Ni 'yar Katsina, Malam ɗan Sakkwato, don lokacin ba a yi Kebbi ba, ga 'ya'yanmu biyu haihuwar Ikko. Na dubi yaran na rasa wace ƙasa ce tasu. Kafin la'asar an murƙushe juyin mulkin, amma ni a ranar na je na sayi jakar Gana-mas-go. Na san jakar, don a 1983 da idona na ga mutanen Gana suna jan irinta zuwa tasha da aka kori baƙi, maƙwabtanmu da muka yi shekaru tare. Na zuba kayan yara kala bibbiyu, da takardun haihuwa, da ɗan garin kwaki, na ajiye a bayan ƙofa. Jakar ta sha yagewa ina sauya wata, amma har yau akwai jaka a bayan ƙofata.

Zaɓen da na fi so a rayuwata shi ne na 12 ga Yunin 1993. Jam'iyya biyu ce kawai, SDP mai doki da NRC mai mikiya, Abiola da Bashir Tofa. Malam ya zaɓi Tofa, ni na zaɓi Abiola, muka dawo gida muka ci tuwo a kwano ɗaya. Ba ni kaɗai ba ce, don Abiola ya kayar da Tofa a Kano, jiharsa ta haihuwa. Mutanenmu ba su ce wannan Bayarabe ne ba. Sun san shi da kyauta, sun san masallatai da makarantun da ya taimaka wa, suka ba shi. Amma da gwamnatin soja ta soke zaɓen ranar 23 ga watan, gari ya kama da wuta, babu wanda ya tsaya ya tambaye ni wa na zaɓa. Mayafina da harshena aka duba. Wani yaro da nake ba ƙosai kyauta ya tsaya a gaban rumfata ya ce mu ne muka sace musu zaɓe. Ni da ko barikin soja ban taɓa shiga ba sai a bayan Baba.

Cikin damina aka fara jita-jitar yaƙi, mutane suka yi ta tserewa, Inyamurai suka nufi gabas, mu muka nufi arewa. A bayan tirelar da ta sauke albasa muka hau, mata da yara, kan buhunan wofi, kwana biyu muna hanya. Muka yi wata uku a ƙauye. A can ma ba mu zama 'yan gida sosai ba. Yaran gari suna kiran nawa 'yan Ikko, suna yi musu dariya in Yarabanci ya kuɓuce musu. Babu sana'a, ɗan jarin ya narke, muka dawo muka tarar an fasa rumfar an kwashe tukwane. Na sake farawa da tukunya ɗaya ta aro.

Yanzu na zo wurin da ba na son zuwa.

Ƙanena haifaffen Obalende ne, Yarabancinsa ya fi Hausarsa, abokansa rabi Yarabawa ne. Ya fara da dako a Mil 12, ya kai ga zama ɗan kamasho a layin tumatir, ya yi aure, matarsa na da ciki. A shekarar 1999 soja suka miƙa mulki, kowa na murna, amma kuma baki ya buɗe. Watanni ana ta magana a tasha da cikin danfo da jaridu: ƙasarmu ce, baƙi sun mamaye mana kasuwa, lokacinmu ya zo. A kasuwa kuma ana ta ja-in-ja kan shugabanci da wanda zai riƙa karɓar kuɗin sauke kaya. Mu ƙananan mutane ba mu san komai a kai ba, wanda duk ya kawo tikiti biya muke yi.

Ranar Alhamis 25 ga Nuwamba ya zo rumfa da safe kamar kullum, ya ci tuwonsa a tsaye, ya ce, "Yaya, ki ajiye mini ƙanzo, zan dawo da azahar." Tun yana yaro ƙanzo yake so. Hantsi bai gama dubar ludayi ba muka ji ihu da harbi, hayaƙi ya tashi ta layin doya. Na bar tukunya a kan wuta, na goya autana mai shekara biyu, na bi ta lungu har gida. Mai gidan da muke haya tsohuwa ce 'yar Ijabu, niƙan kayan miya take yi. Iya ta ja ni cikin ɗakinta, ta cire mini mayafi ta naɗa mini gele ɗinta, ta ce in wani ya shigo kada in buɗe baki. Samari suka zo ƙofa da adduna da galan ɗin fetur, suna tambaya ina Hausawan gidan nan. Ina ji daga bayan labule ta ce musu babu kowa sai 'ya'yanta da jikokinta, wanda yake son ya ƙona gidan ya fara da ita. Suka yi ta zage-zage suka wuce. Kwana biyu muna ɗakinta, Malam kuma yana ofishin 'yan sanda da sauran waɗanda suka samu tsira.

Ƙanena ya fita daga kasuwar lafiya. Waɗanda suka gan shi sun ce har ya kai titi, sai ya tambaya ko an ga Yayarsa, aka ce ba a gani ba, ya juya ya koma rumfa nemana. Ranar Asabar Malam ya gano shi a cikin gawarwaki, da rigarsa ya shaida shi. An ce fiye da mutum ɗari suka mutu a rikicin, Hausawa da Yarabawa. Baba ya riga ya rasu shekara biyu kafin nan, kuma wannan na cikin abin da nake gode wa Allah a kai. Matar ta haihu bayan wata uku, daga baya ta yi wani auren, ta bar mini yarinyar. Ita ce ke riƙe da wayar nan tana rubutu, ga shi ta tsaya tana share ido.

Har yau ban ji wani babba da ya ce shi ya furta maganar da ta jawo wannan ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a abin da na gani ba shi ruwan ya doka ba.

A Yulin shekarar, kafin namu, an yi rikici a Shagamu aka kashe Hausawa. Da motoci suka isa Kano da waɗanda suka tsira, ba a kwana nawa ba aka tasam ma Yarabawan Kano, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A nan na gane matsayinmu. Mu da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da Mil 12, da su da ke zaune a Sabon Garin Kano da na Zariya, jingina ce aka ajiye. In wani ya ci bashin magana a can, a jikinmu ake biya a nan. In wani ya ci a nan, a jikinsu ake biya a can.

Bayan abin muka koma Agege da zama, ina zuwa kasuwa da asuba a mota. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 rumbun makamai ya kama wuta a barikin soja na Ikeja. Bama-bamai suka yi ta tashi, ƙasa na girgiza, gilasai na zubewa. Babu wanda ya san abin da ke faruwa. Wasu na cewa juyin mulki ne, wasu na cewa yaƙi ya zo. Muka fita da gudu ba mu san inda muka nufa ba. Waɗanda suka nufi wajen Oke-Afa suka faɗa cikin wani babban magudanar ruwa da ciyawa ta rufe samansa, na baya na tura na gaba, yawancinsu mata da yara. Fiye da mutum dubu suka mutu a ranar. Babu abokin gaba, babu wanda ya auna kowa, ƙarar yaƙi kawai aka ji. Ba a rufa mako guda ba kuma Idi-Araba ta kama, aka sake kwasar gawarwaki, mutanenmu suka sake kwana a bariki. Wanda yake kiran yaƙi a waya, ina so ya tsaya ya yi tunanin wannan magudanar.

Saboda haka ni ba tuta nake dubawa ba in zaɓe ya zo. Bakin ɗan takara nake saurare, musamman abin da yake faɗa game da mutanen da ba sa wurin taron. Alkawarin titi da wuta da ruwa kowa na yi, kuma na daina auna mutum da shi. Ina jin Yarabanci kamar 'yar Isale Eko, don haka na san abin da wasu ke faɗa in sun juya harshe suna ganin babu baƙo a kusa. Kuma ina jin abin da namu ke faɗa da Hausa a tarukan Arewa, da abin da wasu masu wa'azi ke ɗorawa a kai, ana turo mana a WhatsApp. Duk wanda na ji yana neman ƙuri'a da "mu" da "su", yana kiran wasu baƙi ko arna ko 'yan ci-rani, na cire shi, ko da ɗan ƙauyenmu ne, ko da a masallaci ɗaya muke salla. Magana zarar bunu ce. Shi zai faɗa ya shiga mota mai baƙin gilashi, mu za mu kwana da ita a unguwa.

Na faɗi wannan a bencina a Afrilun 2011, da aka yi tarzoma a Arewa bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka kashe ɗaruruwan mutane, har da yara 'yan bautar ƙasa a Bauchi da aka tura aikin zaɓe. Wasu direbobi suna cewa ai fushi ne, an yi maguɗi. Na ajiye mara na ce, "Malam, yaran nan su suka yi maguɗin? Uwar kowannensu tana jiransa yadda na jira ƙanena." Wani ya tashi bai ƙarasa tuwonsa ba, ya yi wata biyu bai dawo ba. Ban janye ba. In na yi kuka a kan namu na yi shiru a kan nasu, to ba zaluncin na ƙi ba.

Lokacin kamfe mu mata ana tunawa da mu. Shugabar mata za ta zo da atamfar anko mai hoton ɗan takara, da taliya, da magi, da kuɗin mota, a kwashe mu a bas zuwa filin taro mu yi guɗa. A ranar mu 'yan uwa ne, a ranar Hausawan Legas 'yan Legas ne, har a kai wa Sarkin Hausawa gaisuwa da manyan motoci. Akwatina akwai irin atamfar nan ta fi goma, don ba zan ce ban taɓa karɓa ba. Kuma ba na zagin macen da ta karɓa. Wadda ta kwana da yara ba su ci ba, ba ni da bakin da zan ce mata ta mayar da taliya. Abin da nake ce musu kawai, idan kin shiga rumfar zaɓe ke da Allah ne, babu wanda ke ganin yatsanki. Inda na ja layi shi ne ranar da aka ce in tattaro lambobin katin zaɓen matan layinmu. Na ce ni tuwo nake sayarwa.

A 2015 tsoro ya dawo. Kafin zaɓen 28 ga Maris motocin Arewa cike suke tashi daga Agege, maza na tura iyali gida. Ni na duba jakata na zauna. Da aka ce Jonathan ya buga wa Buhari waya ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba, na yi alwala na yi nafila. Ba shi na zaɓa ba, amma ya sha faɗin cewa burinsa bai kai darajar jinin ɗan Najeriya ko ɗaya ba, kuma a ranar ya cika maganarsa. Ni na san adadin gidajen da wayar nan ta hana a ƙona a layinmu kaɗai. Duk inda aka ambaci sunansa ina yi masa addu'ar alheri.

Mun yi murna a shekarar, mun ɗauka wahala ta ƙare. Sai ga shi ƙauyen da muka gudu muka fake a 1993 shi ne ya zama abin gudu. 'Yan bindiga sun hana noma a ƙasar Batsari da Safana da Dutsin-Ma, a Disambar 2020 aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara fiye da ɗari uku a dare ɗaya. 'Ya'yan ƙannen Baba sun sayar da shanu da gona sun biya kuɗin fansa, wasunsu yanzu suna kwana a barandar kasuwa a nan, suna dako. Da mu ke gudu mu je wurinsu, yanzu su ke gudowa wurinmu. Jakar tana nan a bayan ƙofa, amma in an ce in ɗauke ta yau ban san tashar da zan nufa ba. Wannan ma yaƙi ne, ko da ba a raɗa masa suna ba, kuma duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'ata ina so in ji ya ambace shi da bakin wanda abin ya dama.

Zaɓen 2023 ya zo mana cikin ƙuncin canjin kuɗi. Takardar naira ta ɓace, masu tumatir na kallon kayansu na ruɓewa a kwando, ni kuwa bashi na yi ta ba da tuwo ina rubutawa a bayan kwali. Autana yana zaune ba aiki, don tun da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a Yunin 2022 aka kama babur ɗinsa a Ikeja, bai sake ganinsa ba, ga sauran bashin babur ɗin a wuyansa. Ranar 25 ga Fabrairu aka yi na shugaban ƙasa, Tinubu da Atiku da Obi da Kwankwaso, Obi ya zo na ɗaya a Legas. Daga nan iska ta sauya. Kafin na gwamna, ranar 18 ga Maris, sai ga maganganun nan sun dawo, kalma da kalma irin na 1999: garinmu ne, baƙi su san matsayinsu, wanda ba zai zaɓi namu ba ya zauna a gida. Wannan karon da Inyamurai ake. Na ji wasu namu suna cewa ba ruwanmu, ai ba da mu ake ba. Na ce gemun ɗan'uwanku ne ya kama wuta, kuma ni na san warin wutar nan.

Ana saura kwana huɗu yaron ya shigo da daddare yana sunkuyar da kai. Ya ce, "Inna, an ce za a ba mu aikin tsaron akwati, kuɗin zai rage mini bashi." Na ce tsaronsa daga wa? Ya yi shiru. Na ce, "Da me za a ba ku ku riƙe?" Ya yi shiru. Na ce masa, "Kana bayana a goye ranar da masu irin wannan aikin suka tsaya a ƙofar Iya. Su ma biyansu aka yi, su ma akwai bashi a wuyansu. In ka je, ban yafe nonon da ka sha ba." Ban taɓa faɗa wa ɗana irin wannan maganar ba, kuma na san nauyinta. Ya tashi ya fita, kwana uku ba ya cin abincina.

Akwai wata maƙwabciyata Inyamura mai shagon magani, shekara goma sha biyar muna katanga ɗaya, ita ke ba ni magani bashi in jikoki ba lafiya. Daren zaɓe ta ce mini, "Hajiya, gobe ba zan fita ba, rai ya fi ƙuri'a." Na ce, "Madam, ki shirya da safe, tare za mu." Ban tambaye ta wa za ta zaɓa ba, na kuma tabbata ba ɗaya muka zaɓa ba. Da safe muka fito, ni da ita da 'yar ƙanena. Mun kai bakin layi na ji taku a bayanmu, na waiga, autana ne, hannunsa babu komai. Bai ce uffan ba, ya bi mu har rumfar zaɓe ya tsaya a gefe.

Wajen sha ɗaya wata bas ta tsaya nesa kaɗan, samari suka sauko da gorori, daga wata unguwa aka kwaso su don kada a gane su. Suka yi ta kai-komo suna leƙa fuskokin mutane, wasu suka fice daga layi suka tafi gida. Madam ta damƙe hannuna, tafinta ya jiƙe sharkaf. Tsofaffin unguwa, Yarabawa da Hausawa, suka taso suka tsaya a gaban akwatin, limamin masallacinmu na cikinsu. Aka yi ta cacar baki, can samarin suka koma motarsu. Na'ura ta karanta fuskar Madam, ta dangwala, ni ma na dangwala, yarinyar nan ta dangwala. Na san ba kowace rumfa aka yi wannan sa'ar ba a ranar.

A cikin samarin na gane ɗaya, ɗan dako ne a Mil 12, yana cikin waɗanda sunansu ke bayan kwalina. Ranar Litinin ya zo ya zauna a ƙarshen benci, bai iya ɗaga ido ya dube ni ba. Na zuba masa malmala biyu da miyar kuka. Na ce, "Ɗana, kai ɗan ina ne?" Ya ce Batsari. Na ce mahaifiyarka fa? Ya ce tun da aka tashi ƙauyensu tana cikin garin Katsina da ƙannensa huɗu, a wani kango, shi ke aika musu. Na tambaye shi nawa aka ba su. Ya faɗa, bai kai kuɗin kwandon tumatir ɗaya ba, kuma ya ce rabi aka ba su, sauran har yanzu ana ce musu gobe. Hannunsa na rawa a cikin kwanon. Na ɗauki ludayi na ƙara masa miya.